Kwikwiyon Kawu Mai Rawar Ido

A daminar da nake ba da labari, na ɗauki hutun wata guda daga gidan rediyon da nake karanta labarai a Maraɗi, na tafi garin su mahaifiyata da ke bakin gulbi, tafiyar rabin awa a babur daga Gidan Rumji idan hanya ta bushe. A gidan Kawu nake sauka, yayan mahaifiyata, Bagobiri mai zane tun daga gefen baki har gindin kunne, manomin gero mai ƴan awaki da garkar rogo. Niyyata in yi barci, in sha fura, in huta da jin muryata. Kwana biyu kacal na samu.

Kawu bai taɓa ajiye kare ba. Mutumin sahun farko ne a masallaci, kuma ra'ayinsa a kan kare shi ne na yawancin dattawanmu: halittar Allah ce, amma ta tsaya daga can. Dila ne ya sauya masa ra'ayi. A bazarar da ta gabata ya ɗauke masa ƴan awaki biyu cikin mako guda, na biyun ma da rana tsaka, Kawu yana kallo yana jifa da takalmi. Sai ya tafi wurin Sarkin Baka, shugaban mafarautan garin, wanda karyarsa ta haihu. A wajenmu ba a sayar da kare, roƙa ake yi, a kai goro. Kawu ya kai goro, ya dawo da jan kwikwiyo mai farin ƙirji a cikin tsohon buhun taki.

Kafin ya ba da shi, Sarkin Baka ya yi masa abin da mafarauta ke yi wa duk kwikwiyon da ya fito daga gidansu: ya yanke masa kunnuwa da aska, ya bar guntaye. Suna cewa ta haka ƙaya ba ta kama kare a daji, abokin faɗa ba ya samun wurin riƙo, kuma wai mai yankakken kunne ya fi zafin zuciya. Lokacin da na iso, kwikwiyon ya yi kamar mako uku a gidan, yana da wata biyu da rabi a duniya. Na ga guntun kunnensa na dama baƙi ƙirin ne, na ɗauka haka aka haife shi.

Kawu ya gabatar mini da shi a taƙaice. "Na awaki ne," in ji shi. "Ni ba ruwana da shi." Washegari da safe na gan shi a bayan rumbu, ya tsuguna, yana zuba masa furarsa ta kansa a sakaina, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na koma da baya ban yi tari ba.

Rana ta uku da hantsi, ina zaune ina shan kunu, sai na ji Inna, matar Kawu, tana salati wajen turken awaki.

"Kai ɗan birni, taho ka gani! Taho ka ga abin da kawunka ya kawo muna gida!"

Kwikwiyon yana zaune, kansa a karkace zuwa dama. Idanunsa ne abin kallo. Su biyun tare suke zamewa a hankali zuwa dama, sai su fizgo da sauri zuwa hagu, su sake zamewa, su sake fizgowa, kamar na mai karanta takarda da ke komawa farkon layi, sai dai wannan takardar ba ta ƙarewa. Na kaɗa masa yatsa. Ya ji, ya kaɗa wutsiya, ya tashi zai zo wurina, amma maimakon ya miƙe sai ya zagaya ta dama, ya sake zagayawa, ya faɗi a kan kafaɗa. Da ya tashi, ya amayar da abin da ya sha.

"Shina ganin su," in ji Inna, ta rage murya.

Ba ta ce su wa ba, ni ma ban tambaya ba. A bayan gidan akwai tsohuwar tsamiya, kuma kowa ya san kare yana ganin abin da mutum ba ya gani.

"Dubi da kyau," ta ce. "Daga tsamiya zuwa rijiya, daga rijiya zuwa tsamiya. Ɗibar ruwa suke yi."

Na ɗauki sanda na juya kwikwiyon a hankali har ya fuskanci bangon ɗaki, inda babu tsamiya babu rijiya. Idanun suka ci gaba da aikinsu. Na dubi Inna, ina jin na kawo hujja.

"Ka gani ko?" ta ce. "Sun shigo gida." Ta tafi neman garwashi da turare.

Kawu ya dawo daga gona ya tarar da mu a haka. Ya aika a kira Sarkin Baka. Shi kuwa gajere ne, mai layu a damtse, wanda bai taɓa ganin abin da ya ba shi mamaki ba. Ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, ya miƙe yana murmushi.

"Alhamdu lillahi. Irin na kakana ya dawo."

"Wane iri?" in ji Kawu.

"Karen da ke duba gabas da yamma lokaci guda. Zomo ba shi tsere mishi. Da na san shi ne, wallahi da ban ba ka ba."

"To faɗuwar hwa?"

"Ƙarhin ido ne ya yi wa ƙahwa yawa. In ya girma za su daidaita."

"Aman hwa?"

"Kai ma in kana ganin abin da shika gani, sai ka yi amai."

Inna ta ce ai abin da take faɗa ke nan tun ɗazu. Suka dubi juna, kowa yana ganin ɗayan ya goyi bayansa.

Kafin azahar labari ya zagaya gari, kuma a hanya ya ƙara nauyi. A bakin rijiya kwikwiyon tangaɗi yake yi. A wurin mai niƙa yana dalalar da miyau. Da labarin ya isa ƙofar maigari, ya riga ya kori jaki. Bayan salla aka aiko a kira Kawu, aka ce in biyo shi.

Maigari da Kawu sa'o'in juna ne, kaciyarsu ɗaya, amma a gaban jama'a Kawu takalmi yake cirewa. Muka zauna a kan tabarma a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, dattawa huɗu suna gefe. Babu mai dariya, kuma da dalili. Shekarun baya mahaukacin kare ya ciji wata mata a garin da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda suka ga yadda ta ƙare ba su manta ba.

"An ce karenka ya haukace," in ji maigari.

"Ranka shi daɗe, ba nawa ba ne, na awaki ne. Kuma ko kaza bai kora ba."

"Shina tangaɗi?"

"Kaɗan."

"Halinshi ya sake?"

Maigari ya juyo wurina.

"Kai, ɗan ƙanwarshi. Ba kai munka ji da bakinka cikin rediyo ba? Ka ce duk karen da anka ga halinshi ya sake, shina tangaɗi, a nisance shi, kada a yi sakaci. Muryarka ce ko ba taka ba?"

Muryata ce. Watanni kaɗan kafin nan na karanta wata sanarwa a kan haukan kare, sau uku a rana har tsawon mako guda, kuma na karanta ta da kyau. Ban taɓa zaton za a kafa ni shaida a kan kwikwiyon kawuna ba.

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"To, magana ta ƙare. Garin ga cike yake da yara. A kai shi bayan gari yau, a gama da shi."

Na saci kallon Kawu. Yana jan carbi, amma ƙwaya ɗaya yake ta murzawa, ba ta wucewa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "sanarwar tana da ƙarshe. Cewa na yi a nisance shi, a kuma sanar da likitan dabbobi."

"Ban ji nan ba."

Wani dattijo ya ce shi ma bai ji ba, amma rediyonsa yakan ɗauke idan batir ya yi sanyi. Wani ya ce shi ya ji wani abu kamar haka. Aka ɗan yi muhawara a kan ko likitan bisashe yana duba kare, domin a sanin kowa aikinsa shanu ne da tumaki da awaki, sai raƙumi in ya samu. Babu wanda ya taɓa jin an kai kare. A ƙarshe maigari ya yanke: gobe kasuwar Gidan Rumji, likita yana buro, wato ofishinsa. Idan mun dawo da takarda kafin la'asar, zai duba. Idan ba mu dawo da ita ba, ko ta ce hauka ne, Sarkin Baka ya ɗauko bindigarsa.

A hanyar gida Kawu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Amanar mutane ce. Ba don haka ba, mi ya dame ni."

Da safe ya sanya rigarsa ta Juma'a da farin rawani, tunda buro za a je. Muka sa kwikwiyon a kwandon kaji, aka shimfiɗa masa ciyawa, Inna ta rufe da tsohon zane ta ɗaure da igiya, ta tofa addu'a, ban sani ba ko don shi ko don mu. Kawu ya ce kada mu bi ta tsakiyar gari, mu zagaya ta cikin gonaki don kada a gan mu. Lokacin noman farko ne, duk garin yana gona. Na tuƙa babur a kan ƴar siririyar hanya tsakanin kunyoyin gero, Kawu a baya rungume da kwando, kowace gona muka wuce sai an ɗago daga kan hauya.

"Sannu da ɗawainiya! Ya mai jiki?"

"Allah shi ba shi lahiya! A gaida likita!"

Kawu yana amsawa da "Amin" ɗaya tak, a daƙile, kamar mai haɗiye ƙashi.

Buron likitan ɗaki biyu ne da babban fili mai shingen waya. Ranar kasuwa ce, filin ya cika. Fulani da shanunsu, mata da tumakin kiwo, wani mutum da jaki mai ɗingishi. Kawu ya zaɓi kusurwa mafi nisa, ya ajiye kwando a bayansa, ya baza riga a kai. Wani tsohon Bafillace mai malfa ya matso suka gaisa.

"Kaji ne, Malam?"

"Ɗan abu ne dai."

Ɗan abin ya yi kuka daga ƙarƙashin zane. Bafillacen ya saurara, ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Kazar nan taka ta daɗe a cikin karnuka," ya ce.

Da layi ya zo kanmu, Kawu ya ce wa matar da ke bayansa ta wuce, tunkiyarta ta fi jin jiki. Da ya sake zuwa, ya ce mai jaki ya wuce. Ya bar wa mutum bakwai layi, ana ta sa masa albarka. Dabararsa a fili take: so yake kowa ya watse kafin ya buɗe kwandon. Na nuna masa rana, na tuna masa da la'asar. Ya ce in yi haƙuri, saura kaɗan.

Likitar ce ta kashe dabarar. Mace ce, abin da Kawu bai shirya masa ba, doguwa, da farar riga da takalman roba har gwiwa. Ta gama da wani maraƙi, ta wanke hannu, ta tako har kusurwarmu.

"Baba, tun safe nake ganin kana raba layi kamar sadaka. Me ka kawo?" Sai ta ga zanen fuskarsa, ta tafa hannu. "Af, ashe bawana ne! Shi ya sa. Bagobiri ba ya shiga gaban mutane."

Bazabarma ce, kuma tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasa tun na kakanni. Na ga kafaɗun Kawu sun sauka a karon farko tun jiya.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe har an hwara ba bayinmu allura su riƙe. To Allah shi kiyaye bisashen mutane."

"Buɗe kwandon, tsoho."

Ya buɗe. Mutanen da suka rage a filin suka matso, suka leƙa, suka ja da baya. Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce kowa ya ba da wuri, ta sa safar hannu, ta ɗaure wa kwikwiyon baki da ƙyalle, ta ɗora shi a kan tebur a inuwa. Ta riƙe kansa cik tana kallon idanun.

"Yaushe ya fara?"

"Jiya da hantsi."

"Ya ciji wani? Ya yakushi wani?"

"Ko ɗaya."

"Wani kare ya taɓa cizonsa?"

"Tun da ya zo bai fita gida ba."

Ta ci gaba da tambaya tana dubawa. Jaki ko akuya sun buge shi a ka? Ya faɗo daga wani wuri? Akwai maganin ɓera ko na feshin wake a inda zai iya lasa? Hancinsa yana yoyo, idonsa yana kwantsa? Ta ce duk waɗannan suna iya sa ido rawa. Kawu yana ta cewa a'a. Ta haska masa ƴar fitila a ido ɗaya, ta haska a ɗayan. Sannan ta kama guntun kunnen dama, kwikwiyon ya yi ƙara, ita kuma ta kawar da fuska saboda wari.

"Wa ya yanke kunnen?"

"Mafarauci. Al'ada ce."

"Ku Gobirawa, kun gama da fuskokinku, kun koma kan kunnen kare." Ta sa auduga ta goga, audugar ta fito baƙa. Ta shinshina. "Wannan kuma mene ne?"

Kawu ya gyara rawani. Ya ce ciwon kunnen hagu ya bushe da kansa, na dama ne ya ƙi, ga damina, ƙudaje sun dame shi. Sai ya yi masa maganin da yake yi wa jakinsa idan kaya sun ci masa baya.

"Wane magani?"

"Baƙin mai. Na injin ban-ruwa."

"Shafawa ka yi?"

"Shafawa ba ta zamna ba. Sai na riƙa tsiyayawa."

"Sau nawa?"

"Sahe da marece. Kwana goma sha biyu."

Likita ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa. "Bawana, babur ma ba a yi masa juyen mai haka."

Ta ce man ya tafi da ƙazantar ciwon har can ciki, wurin ya ruɓe, ciwo ya wuce inda ido ke iya gani. Kawu ya ce ya ji, amma shi ba kunne ya kawo ba, ido ya kawo. Ina ruwan kunne da ido?

Sai ta juyo wurina. "Kai ne ɗansa? Fito nan fili. Ka juya sau goma da sauri, kamar yadda yara ke yi."

Na ce ina ganin bayani da baki zai wadatar. Ta ce ba zai wadatar ba. Kawu ya ce in yi abin da likita ta ce. Haka na tsaya a tsakiyar fili, a gaban Fulani uku da jaki ɗaya, na yi ta juyawa, tsohon mai malfa yana ƙirga mini da Fillanci. Da na tsaya, ƙasa ta ƙi tsayawa. Likita ta riƙe mini haɓa.

"Baba, dubi idonsa."

Kawu ya matso har ina jin ƙanshin goronsa. Ya daɗe yana kallo.

"La ilaha illallahu," ya ce. "Iri guda." Sai ya juya wurinta. "Likita, takarda biyu za ki rubuta. In maigari ya ga wanga, shi ma la'asar ce tashi."

Na nemi bakin tebur na dafa, ita kuma ta yi bayani. A can cikin kunne, in ji ta, akwai wani ɗan ruwa da ke gaya wa jiki ina ne sama, ina ne ƙasa. Idan mutum ya juya, ruwan yana kaɗawa, ko ya tsaya sai ya ga duniya tana tafiya, ido kuma ya yi ta binta yana dawowa. Nawa zai lafa kafin in zauna. Na kwikwiyon ba ya lafawa, domin ciwo ya kama wurin a gefe ɗaya. Tun jiya yake cikin hajijiya, shi ya sa yake faɗuwa, shi ya sa yake amai.

Kawu ya dubi kwikwiyon. Can ya ce ai tun ranar da ya ɗauko shi yakan ga idon yana motsi a ƙarƙashin fata idan yana barci, ko tun lokacin ne?

"Wannan mafarki ne, kowane kare yana yi. Kai ma kana yi, tambayi matarka. Jariran karnukan da suka buɗe ido sabo-sabo ma, nasu yakan ɗan yi yawo kafin ya zauna. Duk ba komai. Amma kare a farke, kansa a wuri ɗaya, ido yana rawa shi kaɗai, ko gefe da gefe, ko sama da ƙasa, balle a ce ga karkata kai ga faɗuwa, wannan a ranar ake kawo shi. Ba a jira a ga yadda zai kwana. Kuma ba a ba mutum bakwai layi."

Na gaya mata maganar maigari da la'asar. Ta ce maigari bai yi laifi ba da ya ji tsoro, kuma ita ma ba za ta rantse cewa ba hauka ba ne, domin kallo kaɗai ba ya raba wannan gardama. Abin da ta sani shi ne kunnen ya isa ya yi wannan aiki shi kaɗai. Karen da hauka ya bayyana a jikinsa kuwa ba ya wuce kwana goma a raye. Saboda haka a ɗaure shi kwana goma inda yaro ko dabba ba za su kai gare shi ba, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, kada ya bari ya lashe shi. Idan ya fara cizon abin da ya gani, ko muƙamuƙinsa ya saki, ko ya daina haɗiya, kada a taɓa shi, a aiko mata nan take. Idan ya warke, a dawo da shi a yi masa allurar rigakafin hauka.

Ta share kunnen a hankali, ta yi masa allura, ta ba Kawu ƙwayoyi a ƙunshe, ɗaya da safe ɗaya da yamma har su ƙare, ko da ya ga sauƙi. Ta ce idon zai tsaya in Allah ya so, amma wuyan kan iya zama a karkace har abada. Kada a sake zuba masa komai a kunne, ko mai, ko ruwa, ko toka. Ta rubuta takarda da Faransanci, ta buga hatimi.

"Je ka, bawana. Na ƴanta ka na yau."

"Allah shi yi miki albarka," in ji Kawu, ya manta bai rama ba.

Mun iso gari ana kiran la'asar. Sarkin Baka yana zaune a ƙofar maigari da bindiga a cinya, fuskarsa kamar wanda aka ce ya harbi ɗansa. Na karanta takardar, na fassara ta jimla bayan jimla, ban rage maganar baƙin mai ba duk da harara da Kawu ke aiko mini. Maigari ya karɓa, ya duba hatimin, ya juya bayanta, ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Kwana goma," ya ce. "Ranar na sha ɗaya ba ta cikin takarda. Ni da kaina za ni zo in duba."

Kawu ya ɗaure kwikwiyon a cikin garkar rogo, a ƙarƙashin ƴar rumfa, ya toshe ƙofar da ƙaya. Ba shi da agogo, sai ya haɗa maganin da salla: ƙwaya ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba, a ɓoye cikin curin fura. Mutumin da a da shi ne na ƙarshen fita daga masallaci ya koma yana sallamewa yana neman takalmi. Har liman ya tambaye shi ko cikinsa ne ba lafiya.

Rana ta biyu aman ya tsaya. Rana ta uku idon ya rage sauri. Inna ta ce turarenta ne, ta ƙara garwashi. Sarkin Baka yana zuwa kullum ya leƙa ta saman shinge, kuma duk sauƙin da aka samu, shi asara yake gani. Ranar da idanun suka tsaya cik, rana ta biyar, ya girgiza kai.

"Shi ke nan. Kun kashe mishi baiwa. Yanzu ya zama kare kamar kowane."

"Haka nika so," in ji Kawu.

A rana ta goma da hantsi maigari ya zo da dattawa uku. Kawu ya janye ƙaya. Kwikwiyon ya taso, ya yi tafiya miƙe har iyakar igiyarsa, ya zauna. Maigari ya tsuguna daga nesa, tazarar sanda guda, ya ƙura masa ido. Shi ma ya ƙura masa nasa, ba rawa ba motsi, sai dai kan nan a karkace, kamar wanda aka gaya wa magana bai gamsu ba. An ɗauki lokaci a haka. Aka kawo ruwa ya sha, aka jefa masa ƙashi ya bi ya ɗauko.

"An bar shi," in ji maigari, ya miƙe.

Miƙewar ce ta ɗan gagare shi, ya dafa kafaɗar Kawu. Da dattawa suka yi gaba, na ji ya rage murya, ya koma sa'an Kawu na dā.

"Kai, likitar ga taku. Ni ma in na ɗago daga sujada sai in ga masallaci na juyawa, kunnen ga kuma na yi mini ƙara. Tana duba mutane?"

"Bisashe kaɗai," in ji Kawu. "Amma baiwata ce, ina iya yi maka magana."

Na sa baki na ce asibitin mutane yana nan kusa da kasuwa, zan kai shi a babur ranar da ya shirya. A daidai lokacin Kawu ya kwance igiyar. Kwikwiyon ya fita da gudu, ya nufi turken awakin da aka kawo shi ya tsare. Tsohuwar akuyar gidan ta sunkuyar da kai ta yi masa tunkuya ɗaya. Ya juyo yana ihu, ya rasa wurin ɓuya, ya shige ƙarƙashin babbar rigar maigari ya lafe.

Maigari ya sandare, hannuwa a sama, yana cewa a fitar masa da shi, a fitar masa da shi. Kawu ya ce to, bari ya ɗauko sakainar fura ya yaudaro shi. Ya nufi bayan rumbu, kuma na lura bai yi sauri ba.